Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Wannan mako ba zancen girki ko ɗinki na kawo muku ba, zancen mota ne. Kada wata ta ce, ina ruwan mace da ƙarfe? Ni ma dā haka na ke cewa, sai da wani dare ya koya mini hankali.

Da na gama kwalejin horon malamai aka ba ni aji, sai na koma gidan yayana da zama, don ya fi kusa da makaranta. Yaya makanike ne. Yana da wata 'yar tsohuwar mota ja wadda ya saya a mace, ya tashe ta da hannunsa. Sunanta Mazda MX-5, ƙirar Japan, an fara fid da irinta a 1989. Irin motocin nan ne da aka yi don gudu: kujera biyu tak, giya biyar ban da ribas, nauyinta wajen tan ɗaya, ƙafafun baya ne ke tura ta.

Ran wata Asabar ya kai ni filin ƙwallo ya ce in shiga. Na ta da inji, na sa giya, na ɗage ƙafa. Mota ta yi tsalle kamar akuyar da aka tsikara, ta mutu. Sau bakwai ana haka, yara suna ta dariya. Yaya ya ce, "Malama, kin iya riƙe aji guda, kin kasa riƙe ƙafa ɗaya?" Na ji kunya ƙwarai, na ce na fasa. Ya ce, "Zauna tukuna, ƙanwata. Ba ki san abin da ki ke takawa ba ne."

To, ga abin da ya gaya mini, ki saurara. Abubuwan takawa uku ne: na dama totur, na tsakiya birki, na hagu kuloci. Kin dai san keken ɗinki. In za ki naɗa zare a kwarkwaro, kina kwance ɗan abin nan na tsakiyar wili, sai wili ya yi ta juyawa allura tana tsaye. Aikin kuloci ke nan. Inji yana juya wani babban faifan ƙarfe, akwai kuma wani faifai da ke manne masa ya kai juyin ga ƙafafu. Kin taka kuloci, sun rabu. Kin saki, sun haɗu.

Sa'ad da mota ke tsaye, inji yana juyawa kamar sau 800 a minti, ƙafafu kuwa ko motsi ba su yi. In kin haɗa su gaba ɗaya, nauyin mota sai ya shaƙe inji ya mutu. In kuma kin cika totur sa'an nan kika saki, irin wannan mota marar nauyi sai ta zabura, ƙafafun baya su yi ta juyawa cikin rairayi, gindinta ya karkace. In kin daɗe da ƙafa a rabi kina ta ba da wuta, faifai ya ƙone, ki ji wari, mai gida kuma ya ji a aljihu.

Sabo da haka asirin yana wuri guda, watau inda faifan nan biyu su ke fara taɓa juna. Ki taka kuloci har ƙasa, ki sa giya ta ɗaya, ki riƙa ɗago ƙafa sannu sannu. Za ki ji muryar inji ta sauya ta yi ƙasa, jikin mota ya ɗan yi rawa. Nan ne. Ki tsai da ƙafarki a wurin, ki ɗan taɓa totur har allurar agogon inji ta kai ɗaya da rabi, watau juyi 1,500. In mota ta fara tafiya, ki ƙarasa saki kamar yadda ki ke zare hannu daga ƙarƙashin jaririn da ya yi barci. Daga nan ki ɗauke ƙafa ɗungum, kada ki mai da kuloci matashi. Ko wace mota da inda nata ya ke kamawa. Ta Yaya tazarar kaɗan ce, totur kuma ba ya son wasa.

Wata uku ina koyo, tun a fili ba totur, har muka koma kan hawa da birkin hannu. Bayan haka na bi ƙa'ida na sami lasin, wanda ba a ba kowa shi a Nijeriya sai ya cika shekara 18.

Ana nan cikin damina Yaya ya tafi Kano sayen kayan gyara. Tsakar dare sai matarsa ta buga mini ƙofa tana kuka, ɗanta na goye zazzaɓi ya yi masa zafi har yana shiɗewa. Ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba mai keke, ba mai babur, maƙwabcinmu mai mota kuma ba ya gari. Na ɗauko makulli. Ta shiga ta rungume yaro.

Daga garejinmu zuwa titi hawa ne, bayan mota kuwa lambatu ne cike da ruwa. Na saki kuloci da gaggawa, mota ta mutu ta ɗan zame baya. Na sake, ta sake mutuwa. Ƙafata sai ɓari ta ke. Matar Yaya ta ce, "Don Allah, Malama, yi sauri!" Nan na tuna sauri ne ya kashe ta sau biyu. Na ja birkin hannu, na yi bisimilla, na kasa kunne. Na ɗago ƙafa har muryar inji ta sauya, na ji motar tana jan birki kamar doki yana jan linzami. Na ƙara wuta kaɗan, na sauke birkin. Ta haye lafiya lau.

Muka isa asibiti, aka karɓi yaro, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, gara da ba mu jira safiya ba. Yanzu ga shi can yana ta ɓarna a tsakar gida, alhamdu lillahi.

'Yar'uwa, ban ce ko wace mace ta nemi motar gudu ba. Amma in akwai mota a gidanku, ki roƙi mai gida ko Baba ya bari a koya miki, tun ana zaune lafiya. Motoci masu sauya giya da kansu sun yi yawa yanzu, gaskiya ne, sai dai ba ki san wadda za ki tarar a ƙofa ran da ta ɓaci ba. Wadda ta iya mai kuloci, waccan ba ta ba ta wuya. Ku kuma 'yammata, in aka yi muku dariya a fili, ku daure. Gara dariyar rana da kukan dare.

Allah ya kiyashe mu da mugun ji da mugun gani, amin. Sai wani mako.

Taku,
Malama