Jirgin da Ke Buɗe Baki

Kakana ya yi yaƙin Bama, kuma a unguwarmu da ke Zariya ba a kiransa da wani suna sai Saje. Duk lokacin da aka ɗauke wuta muka taru a zaurensa, labari ɗaya yake komawa gare shi: wani jirgin ruwa mai shimfiɗaɗɗen ciki wanda ke sheƙowa har bakin tudu, ya buɗe baki, ya amayar da sojoji. Ni kuwa, da yake tsakanin jika da kaka akwai wasa, sai in ce, "Saje, jirgi ne ko kada?" Yara su fashe da dariya. Shi ma yakan yi murmushi ya ce, "Ɗan nema, kai da ko rafin Kubanni ba ka iya tsallakewa ba." Ya rasu ina da shekara 13, ban taɓa zama na saurari labarin nan har ƙarshensa ba tare da na sa baki ba.

Bayan na kammala digiri, ina zaman jiran kiran bautar ƙasa, na ci karo a intanet da hoton saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ta Faransa, ranar 6 ga Yuni 1944. Ga jirgi ya buɗe baki, ga mutane suna kutsawa cikin ruwa da bindigogi a sama. Gabana ya faɗi. Ashe ba kada ba ne. A daren nan na ƙudura cewa zan ƙera wannan jirgi da hannuna, ƙarami, irin wanda za a ɗora kan tebur. Ba baƙon aiki ba ne gare ni, domin a yarinta na yi suna wajen haɗa motar kara da ta langa-langa. Sai dai motar kara ba ta neman gaskiya a wurin mai yinta. In ta yi kama da mota, an gama. Wannan kuwa na so kowane sashe nasa ya tsaya kan ma'auni. Na zaɓi ɗaya bisa 35, ma'aunin da masu wannan sana'a suka fi amfani da shi ga kayan yaƙi, wato kowace santimita a teburina ta wakilci santimita 35 a jirgin gaske.

Jirgin da ke cikin hoton ƙirar Amurka ne, wanda kamfanin Andrew Higgins ya riƙa yi a birnin New Orleans. Tsawonsa ƙafa 36, jikinsa katako, ƙofarsa ta gaba ƙarfe ce mai faɗi, yana ɗaukar soja 36. Na sayo siraran falankai da gam da samfefa a kasuwar Sabon Gari, na yi mako uku ina yanka da reza, har na tayar da gangar jikinsa. A nan ne maganganun Saje suka fara dawo mini ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su dace da abin da ke gabana ba. Ya ce zaune suke a kan benci, amma wannan jirgi ba shi da benci. Ya ce ƙofar ƙunci gare ta, sai an bi layi, amma wannan ƙofa ta kusa cinye faɗin jirgin duka. Ya ce matuƙin yana gaba ta hannun dama cikin wani akwatin ƙarfe, amma matuƙin wannan yana can baya. Na ce a raina tsufa ne ya rikita masa lissafi. Wato ko bayan ransa ban daina ƙaryata shi ba, sai dai yanzu da ruwan sanyi nake yi.

Abin da ya cece ni shi ne wata tambaya da ya kamata in fara da ita: a ƙarƙashin wa Saje ya yi yaƙi? Sojojin Afirka ta Yamma na Ingila ne. Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda aka haɗa daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, su ne suka yi fama da Japanawa a yankin Arakan na Bama tsakanin 1944 da 1945, kuma Hausa ce harshen da akasarin sojojin Nijeriya ke fahimtar juna da shi. Gaɓar Arakan cike take da rassan ruwa da taɓo da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwan gishiri, ƙasar da hanyar mota ta yi ƙaranci a cikinta, sai a dogara da jirage. Da na nemi irin jirgin da Ingila ta ƙera wa kanta, wanda suke kira LCA, na buɗe zanensa, sai na ga benci uku sun miƙe daga gaba zuwa baya, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Na ga ƙofa mai faɗin ƙafa huɗu da rabi kacal. Na ga akwatin matuƙi a gaba ta hannun dama. Na daɗe ina kallon zanen nan. Mutumin da bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba ya adana fasalin jirgi a kansa shekara fiye da 60, bai kuskure ko kusurwa ɗaya ba, ni kuma mai digiri na ɗauko jirgin wasu na ce shi ne ya yi kuskure.

Na ajiye aikin mako uku a gefe na sake sabon lale. Tsawon LCA ƙafa 41 da rabi ne, faɗinsa ƙafa 10, saboda haka nawa ya zama santimita 36 a tsaye, kusan 9 a kwance. Jikinsa katako ne da aka lulluɓe wasu sassansa da farantan ƙarfe, don haka na yanka gwangwanin madara na baje shi, na manna a gefuna, na bi shi da tsinin allura ina fitar da kawunan ƙusoshi. A baya na yi rumfar injuna biyu, domin injin Ford mai silinda takwas guda biyu ke tura shi. Ƙofar ce ta fi ba ni wahala. Sau huɗu ina yin maƙalarta da wayar tagulla tana karyewa, sai a na biyar ta yarda ta sauka ta tashi da zaren da na ratsa ta cikin jikin jirgin. Bayanta kuma akwai wasu ƙyamare biyu na ƙarfe da ke kāre na ciki har zuwa lokacin fita. Su ma na yi su.

Da na shafa masa fenti ruwan toka ya fito tsaf, kamar abin ado a falon attajiri. Na ji daɗi kwana ɗaya, washegari na ga ƙarya ce. Saje bai taɓa ambaton jirgin nan ba tare da ya ambaci wari ba: warin fetur, warin taɓo, warin aman waɗanda ba su taɓa hawa ruwa ba. Sai na kankaro tsatsa daga tsohuwar ƙusa na dama da ruwa na zirara ta ƙarƙashin farantan. Na ɗebo jar ƙasa daga bayan gida na cuɗa da gam na shafe bakin ƙofar. Na goge fentin bencina da samfefa a wuraren da jiki ke gogar katako. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, ka ɓata shi." Na ce mata sai yanzu ya fara kama da kansa.

Saura mutane. A wannan ma'auni namiji tsayayye bai wuce santimita 5 ba. Na murɗa waya na yi ƙashi, na lulluɓe da yumɓu, na yi soja 31, adadin rukunin da jirgin ke ɗauka ban da ma'aikatansa huɗu. Na shafa musu kalar fatar da ba na gani a hotunan Nomandi. Da na zo jera su, sai wuri ya ƙare tun ban kai ga na ƙarshe ba. Na sake aunawa, ma'auni daidai yake. Kuskuren nawa ne: na bar tazara tsakaninsu, irin wadda mutum ke bar wa ɗan'uwansa a kan tabarma. Sai da na matse su, gwiwar wannan a bayan wancan, jakar wannan a ƙirjin wancan, sannan suka shiga. Na tuna Saje yana cewa numfashin na bayanka a ƙeyarka kake jinsa. Na sunkuya na daidaita idona da kan ɗaya daga cikin na bencin tsakiya, don in ga abin da yake gani. Babu teku, babu tudu. Bangon jirgi ne dama da hagu, ƙeyar wani a gaba, sai ɗan tsirin sama. Haka samari daga Zazzau da Katsina da Bauchi, waɗanda da yawansu ba su san ruwan da ya wuce kogi ba kafin a ɗebe su, suka zauna suna sauraron ƙarar inji, suna jiran ƙofa ta faɗi.

Ranar da na gama na kai wa mahaifina. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa bai ce uffan ba. Can ya tambaya, "Wanne ne Baba?" Ban yi tunanin wannan ba, amma yatsana ya nuna na uku a bencin tsakiya. Ya gyaɗa kai. Sannan ya kama zaren zai saki ƙofar, sai ya fasa. Ya ce shi ma tun yana yaro yake jin labarin nan, kuma kullum a wuri ɗaya yake tsayawa: jirgi ya taɓa ƙasa, ya buɗe baki, sai Baba ya ce dare ya yi, a je a kwanta. Ni da na zaci katsalandan ɗina ne ke yanke labarin, ashe shi ne yake karɓar dariyarmu da hannu biyu don ta ba shi mafita.

Jirgin yana nan a kan kabad a zauren da Saje ke zama. Baƙi sukan tambaya ko ƙofar tana buɗewa, in ce tana buɗewa. Wasu su ce in nuna musu. Nakan ba su labarin benci uku da akwatin matuƙi, kamar yadda ya ba mu, amma zaren yana nan a ɗaure inda mahaifina ya bar shi.