Kwaɗon Tafasa A Ƙasar Daura

Matafiyin da ya bi hanyar Daura zuwa Kongolam a watan Agusta zai ga ƙasa ta yi kore shar, har ya zaci babu mai kwana da yunwa. Amma manoma sun san lokacin marka shi ne mafi wuya a shekara. Hatsin bara ya ƙare a rumbu, gero kuwa bai nuna ba.

A wannan lokaci ne mata da 'yan mata kan fita da sassafe da ƙwarya a ka, su bi gefen gonaki da bakin hanya suna tsinko ganyen da ba wanda ya shuka. Babba a cikinsu ita ce tafasa, wadda kan haɗe ganyenta idan rana ta faɗi. Danyen toho ake ɗiba, a dafa, a matse ruwan, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono da albasa. Wannan shi ne kwaɗo. Gasaya tana da ɗaci, sai an zubar da ruwan farko. Lalo da karkashi kuwa na miyar yauƙi ne. Yaɗiya ita ce mai amana, domin ko da rani ana samun ta kore.

Masana abinci sun tabbatar cewa irin waɗannan ganyaye suna ƙara jini, suna kuma taimakon ido. Sai dai ba sa maye gurbin hatsi, suna riƙe rai ne kafin kaka.

A farin 1973 da na 1984, da ganye ma ya yi wuya, mutanen arewacin nan da na Damagaram sun koma ga hanza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinta ya fita. Da babu gara ba daɗi.

Abin tsoro a yau shi ne maganin feshi. Ba ya bambanta tafasa da sauran ciyawa, kuma ganyen gonar da aka fesa haɗari ne ga mai ci. Ga shi yara da yawa ba sa iya rarrabe ganyen ci da mai dafi irin su zaƙami. Wajibi ne iyaye mata su riƙa fita da 'ya'yansu suna nuna musu, tun kafin wata shekarar fari ta zo.