Rangwamen bazara a gidajen motsa jiki: ki yi lissafi kafin ki biya

'Yar'uwa, idan kina zaune a Ingila ko Amurka, kin san da zarar watan Yuni ya kama wayarki ba ta hutawa da tallan gidajen motsa jiki. Wannan ya ce ya yafe kuɗin rajista, wancan ya ce rabin kuɗi a watan farko, wani kuma ya ce ki zo da ƙawarki kyauta. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Ingila, uwar yara biyu, kuma shekara ta huɗu ke nan ina zuwa ɗaya daga cikin gidajen nan da ba sa rufewa dare da rana. Ina so mu duba abin da ya sa suke wannan karamci a bazara, da yadda za ki ci moriyarsa ba tare da ya cinye miki kuɗin cefane ba.

Mu fara da yadda kasuwancin yake. Kamfani irin Anytime Fitness, da aka kafa a jihar Minnesota ta Amurka a 2002, ko PureGym da ya fara a Birtaniya a 2009, ba ya buƙatar ma'aikata da yawa. Kina da ɗan makullin lantarki ko lambar sirri, ki buɗe ƙofa da kanki ko da ƙarfe uku na dare ne. Wannan ya sa kuɗin wata ya yi sauƙi, amma sai mambobi sun yi yawa sosai kafin a ga riba. A ƙarshen 2023 kamfanin Planet Fitness yana da mambobi miliyan 18.7 a rassa 2,575. Idan kika raba, kowane reshe ya tashi da mutum sama da 7,000. Babu reshen da zai ɗauki ko rubu'insu a lokaci guda. Ke nan tun farko an san da yawa za su biya amma zuwansu jefi-jefi ne.

To me ya kawo bazara cikin zancen? A nan lokacin ne rana ke kai wa bayan ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba. Mutane sun fi son yawo a fili, wasu sun yi tafiya, makarantu kuma sun ba da hutun kusan mako shida daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, uwa ba ta da inda za ta ajiye yara. Wadda ta yi rajista da zumuɗi a Janairu, yanzu ne take duba asusunta ta ce, wai ni me nake biya ne? Abin da masu gidajen ke tsoro ke nan, domin riƙe tsohon mamba ya fi musu araha a kan nemo sabo.

Shi ya sa za ki ga dabaru iri-iri. Idan kika nemi soke rajista, sai a ce ki dakatar da ita na wata ɗaya ko biyu. Manhajar waya ta riƙa turo miki saƙo cewa an kwana biyu ba a gan ki ba. A shirya gasar mako shida da 'yar kyauta a ƙarshe. Planet Fitness ma yana buɗe wa matasa masu shekara 14 zuwa 19 ƙofa kyauta a hutun bazara a Amurka da Kanada. Abu ne mai amfani ga yara, amma banza ba ta kai zomo kasuwa: yaron da ya saba da wurin yau shi ne mai biyan kuɗi gobe, sau da yawa ma ya janyo iyayensa.

Ba laifinsu nake gani ba, kasuwa suke ci. Abin da ke damuna shi ne ɓangarenmu. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun wallafa bincike a 2006 a kan gidajen motsa jiki uku a Amurka. Sun gano cewa masu biyan sama da dala 70 a wata suna zuwa kusan sau huɗu ne kacal a watan. Kowane zuwa ya tsaya musu sama da dala 17, alhali akwai tikitin da zai ba su damar shiga a kan dala 10. Mutum yana sayen rajista ne da niyyarsa, ba da halinsa ba.

A wurin aikinmu na ga wannan da idona. A cikin abokan aikina da suka yi rajista lokacin rangwame, waɗanda suka ɗore ba su ne suka samu farashi mafi sauƙi ba. Su ne waɗanda suka ɗaura zuwan a jikin wani abu da dole su yi. Ni da wata 'yar Ghana, duk ranar da muka sauka daga aikin dare da ƙarfe takwas na safe, mukan biya mu yi minti talatin kafin kowa ta nufi gida. Ranar da na ji kasala, kunyar ta tsaya tana jirana ce ke kai ni. Babu saƙon waya da ya taɓa yi mini wannan aikin.

Abin da ya sa ban ɗauki maganar da wasa ba shi ne abin da nake gani a gadon asibiti. Mata 'yan shekara arba'in da hawan jini da ciwon suga, da yawansu ba su taɓa samun awa ɗaya ta kansu ba tun haihuwar fari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Alƙalumanta na 2022 sun nuna kashi 34 cikin ɗari na mata ba sa kai wannan mizani, maza kuma kashi 29. Katin da ke cikin jakarki ba ya sauke hawan jini. Haɗarinsa ma shi ne ya sa ki ji kamar kin yi wani abu.

Don haka kafin ki danna wannan talla, ki raba kuɗin wata da yawan zuwan da kika san za ki iya, ba wanda kike fata ba. Ki tambayi nawa farashin zai koma bayan rangwame ya ƙare, da yadda ake fita, domin kuɗin daga asusunki ake cirewa kai tsaye ko kin je ko ba ki je ba. Idan da dare za ki riƙa zuwa, ki je ki ga wurin a daidai wannan lokacin: akwai haske a waje, akwai maɓallin neman agaji, akwai wurin mata daban? Sannan ki amsa babbar tambaya, wa zai riƙe miki yara? Idan kuma kina da juna biyu, ko kin haihu kwanan nan, ko kina shan maganin zuciya, ki fara ganin likita ko ungozoma.

'Yan'uwa da ke gida, na san gidajen motsa jiki na ƙaruwa a Abuja da Kano da Kaduna, kuma lissafin ɗaya ne ko da naira ake biya. Idan bai fito ba, kada ki ji kin rasa komai. Minti talatin na tafiya da sauri ke da maƙwabciyarki, sau biyar a mako, ya ba ki minti 150 cif, babu ko sisi. Idan kuma ya fito, ki karɓi rangwamen da hannu biyu, amma ki nemo abokiyar tafiya tukuna, ku tsayar da rana da lokaci, sannan ki biya.