Taiwan, Inda Ake Shan Shayi Da Ƙanƙara

A tsakiyar watan Yuli jirginmu ya sauka a filin Taoyuan, daga nan jirgin ƙasa ya kai ni birnin Taipei. Ina fitowa bakin titi zafi ya rufe ni. Zafin nasu jiƙaƙƙe ne, bai yi kama da na bazararmu mai busar da leɓe ba. Kafin ka yi taku ɗari riga ta manne a baya. Wanda ya tarbe ni, wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatu a can, ya karɓi jakata ya ce, "Baba, mu fara shan shayi kafin mu nemi masauki." Na dube shi da mamaki. Shayi cikin wannan zufa?

Shagon da ya kai ni ba benci ba tebur, taga ce kawai a bakin titi, mutane sun yi layi, wasu ko hular kwanon babur ba su cire ba. Da layi ya zo kanmu sai yarinyar shagon ta jero tambayoyi, ɗalibin na fassara mini. Wane ganye nake so, kore, baƙi, ko na tsakaninsu da suke kira ulong? Sukari cikakke, ko kashi 70, ko rabi, ko kashi 30, ko babu sam? Ƙanƙara da yawa, kaɗan, ko a cire ta a bar sanyin? Kaina ya ɗaure. Mai shayin unguwarmu tambaya ɗaya yake yi, haɗin kauri ko ruwan bunu, daga nan sai maganar ƙwai da burodi. Na ce wa yaron ya zaɓar mini, ya zaɓi koren shayi mai furen yasmin, sukari kashi 30.

Ta zuba shayin da ƙanƙara cikin wani gwangwanin ƙarfe mai murfi, ta girgiza shi da hannu biyu har ya yi kumfa, ta juye a kofi, wani inji ya liƙe bakin da leda a ƙiftawar ido. Kurɓar farko, ƙamshin furen ya riga ɗanɗanon isowa. Sanyin ya sauka har ƙirji, bayansa wani ɗan bauri mai daɗi ya rage a harshe, bai ɗaure maƙogwaro ba. Na tsaya nan bakin titi na shanye, ban yi magana ba. Irin waɗannan shaguna a Taipei da wuya ka wuce layi ɗaya ba ka ga biyu ko uku ba, kuma tun 2022 doka ta sa manyansu su rage wa duk wanda ya zo da kofinsa dalar Taiwan 5, shi ya sa za ka ga ma'aikata da ɗalibai kowa rataye da gorarsa cikin 'yar jakar yadi.

Tambayar da ta tsaya mini ita ce yadda ƙamshin fure ya shiga ganyen, tunda ban ga fure ko ɗaya a kofin ba. Amsar na same ta a titin Dihua da ke unguwar Dadaocheng, tsohuwar kasuwar shayi ta bakin kogin Tamsui. Daga wannan yanki ne wani ɗan kasuwa ɗan Sikotlan mai suna John Dodd ya yi lodin ulong zuwa New York a 1869, abin da ya sa sunan shayin tsibirin ya fita duniya. Wani dattijo mai shago a layin ya buɗe mini buhu ya ce in sunsuna. Ya bayyana cewa da rana ake tsinkar yasmin tun yana kulle, domin da dare yake buɗewa. Sai a shimfiɗa ganyen shayi, a barbaɗa fure, a ƙara ganye, a ƙara fure, a bar su su kwana tare. Da safe a tsince furen a zubar, a busar da ganyen, a sake kawo sabon fure. Mai tsada ana maimaita masa wannan aiki sau da dama. Nan take na tuna yadda matanmu ke kifa kwando kan kaskon turaren wuta su lulluɓa zane a kai. Hayaƙin ya tafi, ƙamshin ya zauna cikin zaren. Na jinjina wa haƙurin mutanen da suka yarda su tsince fure ɗaya bayan ɗaya saboda kurɓar da wani zai yi a bakin titi.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a kan dutsen Maokong na gamu da shi, a kudancin birnin. Ana hawa ne cikin wasu ƙananan akwatuna masu rataye a igiyar ƙarfe, waɗanda aka buɗe a 2007, suna tashi daga kusa da gidan namun daji su yi tafiyar kusan kilomita 4 sama da kurmi. Wasu ma daɓensu gilashi ne, kana kallon kawunan bishiyoyi ƙarƙashin tafin ƙafarka. A sama gonakin shayi ne a jere a jikin tudu, da gidajen shan shayi masu baranda, birnin kuwa na can ƙasa cikin hazo, dogon benen Taipei 101 ya zarce kowane gini.

Matar gidan da muka zauna ta kawo wata doguwar kwalba daga firji, ruwan ciki garai-garai, launinsa tsakanin kore da ɗorawa, ganyen ya buɗe yana lilo a ƙasa. Ta ce wannan shayi bai taɓa ganin wuta ba. Na sa a sake tambayarta, don a sanina ganyen shayi ba ya sakin abin da ke cikinsa sai ya ji tafasa. Masu ataya ma sai sun dafa ganye ɗaya har sau uku. Ta tabbatar: da daddare ta zuba ganyen baozhong na garin Pinglin cikin ruwan sanyi, ta sa a firji, da safe ya zama abin da ke gabana.

Ban taɓa shan shayi mai laushin wannan ba. Babu ɗaci ko kaɗan, akwai zaƙi siriri alhali ba a sa sukari ba, ƙamshinsa kamar na lambu bayan yayyafi. Ta yi mini bayanin dalili da harshe mai sauƙi. Abubuwan da ke kawo ɗaci da bauri a ganyen, da kuma sinadarin nan mai hana barci wanda muka sani a goro, ruwan zafi ne ke fizgo su da sauri. A ruwan sanyi a hankali suke fita, kuma kaɗan. Shi kuwa sinadarin da ke ba ganyen garɗi da zaƙi yana narkewa ko da ruwan na da sanyi. Saboda haka ganye ɗaya zai ba ka shayi iri biyu, ya danganta da ruwan da ka ba shi. Don in gani da bakina ta dafa mini tieguanyin, gasasshen ulong ɗin da ake nomawa a dutsen, wanda asalin irinsa daga Anxi yake a lardin Fujian, sannan ta ba ni jiƙaƙƙensa. Na zafin ya zo da nauyi da ƙamshin gashi. Na sanyin ya zo a natse, zaƙinsa ya fito fili.

Daga Taipei muka gangara Beipu a gundumar Hsinchu, garin 'yan ƙabilar Hakka. Nan aka ba ni wani jan shayi mai sanyi da ake kira Dongfang Meiren, ina kurɓa na tambayi wace irin zuma suka zuba. Manomin da ya ba ni shi ya yi dariya ya ja ni cikin gona, ya juya ganye ya nuna mini wani ɗan koren ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wannan ƙwaro yana tsotsar ruwan sabon toho a farkon zafi. Da itacen ya ji cizo sai ya fitar da wasu sinadarai don kare kansa, su ne ke zama ƙamshin zuma da nunannen ɗan itace idan an sarrafa ganyen. Shi ya sa masu noman wannan shayi ba sa feshin maganin ƙwari a lokacin, kuma ganyen da ya fi shan cizo shi ya fi daraja. Na daɗe tsaye ina kallon ganyen nan da ya nannaɗe ya yi ɗorawa-ɗorawa, irin wanda manomi a ko'ina zai ce ya lalace. Allah mai hikima! A garin kuma na sha lei cha, inda ake daka ganyen shayi da riɗi da gyaɗa a kwanon tangaran, kai da kanka za ka riƙe taɓaryar.

A Taichung na sha shayin da ya zagaye duniya, mai madara da ƙananan ƙwallaye baƙaƙe a gindin kofi, ana zuƙo su da faffaɗan bututu ana taunawa. Gidan shayin Chun Shui Tang na wannan birni ya ce shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, bayan mai gidan, Liu Han-chieh, ya ga ana shan gahawa da ƙanƙara a Japan ya gwada haka da shayi. Gidan Hanlin na birnin Tainan ya ce a'a, shi ne. Suka shafe shekaru a kotu, a 2019 aka yanke cewa abin sha ne da kowa ke iya haɗawa, ba mallakar kowa ba. Da na tambayi abin da ake yin ƙwallayen da shi aka ce sitacin rogo da jan sukari, sai jikina ya yi sanyi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, amma yawancin sitacin nan daga Tailan ake kawo wa Taiwan. Daɗi kam akwai, sai dai a ganina madara da sukarin sun danne ganyen, bai kama ƙafar jiƙaƙƙen Maokong ba.

Zango na ƙarshe shi ne Yuchi, gefen tafkin da suke kira na Rana da Wata a gundumar Nantou. Masu binciken shayi na can sun aurar da irin Assam na ƙasar Bama da shayin daji na tsibirin, a 1999 suka fitar da iri mai lamba 18. An ba ni shi da sanyi, ja kamar zoɓon da aka sirka, na ji na'a-na'a da kirfa ƙarara. Mu sai mun jefa na'a-na'a da kanumfari da citta a tukunya kafin mu sami irin wannan. Su a jikin itacen suka shuka shi. Tudun wajen da hazonsa sun tuna mini da Mambila a jihar Taraba, inda mu ma muke da gonakin shayi a Kakara, kuma na yi fatan wata rana masananmu su ba wannan ganye namu irin wannan kulawa.

Mai karatu, jiƙon sanyin nan bai buƙaci ka je Taiwan. Nemi ganye mai kyau, ko da koren nan na ataya ne, ka zuba cokali biyu cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka rufe, ka sa a firji ya kwana, kada ka bar shi a zafin ɗaki. Da safe ka tace, ka ɗanɗana tukuna kafin hannunka ya kai ga gwangwanin sukari. In bazara ta shigo, ka fara da shi.