Cimar Baƙo a Mafara, Bakura da Maradun a Mahangar Dattawa

Dattawan da suka tsufa a bakin hanyar da ta taso daga Gusau ta ratsa Talata Mafara ta nufi Sakkwato ba su cika amsa tambayar baƙo game da wurin cin abinci da sunan wani shago ba, domin shekaru sun koya musu cewa a wannan ƙasa abinci lokaci yake bi, wato sa'ar yini da ranar kasuwa da yanayin shekara, kuma wanda ya san wuri bai san lokaci ba sai ya tarar an kife tukunya. Sunan Talata Mafara kansa shaida ne, tun da Talata ita ce ranar da kasuwar Mafara take ci, ranar da masu nono da masu kifi da masu rake suke shigowa daga ƙauyukan Bakura da Maradun, har rumfar da ba ta da komai ranar Litinin ta wayi gari ta cika.

Abinci na farko da suke jan hankalin baƙo gare shi shi ne na hantsi, lokacin da rana ta ɗaga amma ba ta yi zafi ba. Manomi yakan fita bayan asuba da ɗan koko ko ɗumame, wato tuwon jiya da aka sake ɗorawa a wuta, amma kalaci na sosai, kamar yadda Hausawan yamma suke kiran karin kumallo, sai hantsi ya yi ake zama a ci shi, kuma sau da yawa shi yake riƙe mutum har la'asar. A wannan sa'a ce masa take fitowa daga tanda da zafinta, a zuba mata miyar taushe ko ƙuli da mai, a kuma sami hoce, wainar dawa da ake gasawa wadda Zamfarawa suke tinƙaho da ita saboda tana jure tafiya ba ta lalace ba. Ma'aunin dattawa a nan ba shi da wuya: baƙo ya duba inda direbobi da 'yan dako suka yi cincirindo a tasha, domin su ne masu ci kullum da kuɗin guminsu, kuma mai tuyar da ta ha'ince su sau ɗaya ba ta sake ganinsu.

Maganar kifi ita ce ta fi tsawo a bakinsu, don ba ta rabuwa da tarihin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, ta tare ruwan da ya kai kimanin kubik mita miliyan 450, ta kuma cinye gonaki da gidajen dubban mutane. Waɗanda suka ga watan Afrilu na 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da suke neman diyya, ba sa ambaton dam ɗin da murna zalla, kuma sukan tuna cewa kafin a datse gulbin ambaliyar damina ce take cika fadamu da tafkuna, kifi ya hayayyafa a cikinsu, ta yadda bayan an datse shi masuntan da ke ƙasa da madatsar suka ga kamu ya ragu a daidai lokacin da na bakin tafkin suka sami sabon wurin jefa birgi. Abin da wannan yake nufi ga baƙo shi ne kifin da zai ci a nan na ruwan daɗi ne, ba na teku ba, kuma duk wanda aka nuna masa a daskare, wanda ake kira kifin ƙanƙara, daga nesa aka ɗauko shi a mota, ana iya samun irinsa a kowane birni. Na gida su ne tarwaɗa, mai santsin jiki da gashin baki, wadda ta fi dacewa da farfesu, da karfasa, mai faɗi da yawan ƙaya, wadda suya ta fi karɓa, da ƙurungu mai taurin kai da mutanen birni suke rainawa alhali romonsa ya fi na sauran ɗanɗano. Dattawa sukan ce a ɗaga marfin kunnen kifi a duba, in ciki ja ne jawur to na yau ne, in ya yi fari-fari a bar wa mai shi. Idan kuwa rana ta yi nisa, gara banda, wato wanda aka ƙyafe da hayaƙi, da ɗanyen da ya wuni a faranti. Mafi arha da yawa yakan zo ne da rani, sa'ad da ruwa ya ja baya.

Kayan zaƙi kuwa ba su da gurbi a ƙarshen cin abinci kamar yadda Turawa suka tsara, domin alkaki da nakiya da dubulan kayan gara ne da biki da salla, kuma mafi kyawunsu a cikin gidaje ake yi, sai an yi sa'a ko an aika tun da wuri. Abin da kasuwa take bayarwa kullum shi ne alewa da kantun riɗi da dakuwa, sai rake da mazarƙwaila idan sanyi ya shigo, sannan fura da nono, wadda a wurin tsofaffi ita ce ainihin abin rufe ciki da azahar, muddin an dama ta a gaban mai sha.

Akwai kuma abin da 'yan shekarun nan suka ƙara wa wannan lissafi, wanda dattawa ba sa ɓoye shi: rashin tsaro ya sa ba a zuwa bakin ruwa ko a bi hanyar Maradun ba tare da an tambayi 'yan gari halin da ake ciki a ranar ba, ba a kuma yarda magariba ta riski baƙo a hanya. Saboda haka mai masauki ya koma matsayinsa na da, shi ne mai aika yaro da sassafe ya sayo kifi tun masunta ba su watse ba, shi ne kuma mai gaya wa baƙo ya ci na hantsi da kyau, tun da tukubar tsire a Lambar Bakura, wadda a da ake tsayawa a gabanta bayan isha'i, yanzu matafiyi da la'asar yake wuce ta, a ƙunshe masa naman a takarda ya ci a mota.