Farin Wata Sha Kallo: Yadda Yaran Hausawa Suka Yi Wasa a Ƙarni na 19

Yau agogo ne ke yanke mana lokacin hutu. Ƙarfe biyu a tashi daga makaranta, Asabar da Lahadi a rufe ofis. Yaron da ya tashi a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 kuwa, wata da kaka ne ke ba shi izinin wasa. Da rana yana da aiki: makarantar allo da asuba, sannan gona ko kiwo, yarinya kuma surfe, ɗiban ruwa da talla. Sai an ci tuwon dare, idan akwai farin wata, dandali ya cika.

A nan 'yan mata ke gaɗa, suna tafi suna waƙa, ɗaya ta faɗo da baya sauran su tare ta. Samari na langa da kokawa a gefe. Idan aka kawar da amfanin gona, rumbu ya cika, sai kalankuwa da dambe, makaɗa su yi ta yawo gari gari. Azumi ya kai kwana goma, yara su fita tashe. Daren da babu wata kuma na tsakar gida ne: tsohuwa na kaɗin auduga a gaban fitilar mai, jikoki sun kewaye ta, ana ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, ana kacici-kacici. Ba a yin tatsuniya da rana, kuma hikimar a bayyane take, domin rana ta aiki ce.

Muna da shaidar waɗanda suka ga zamanin da idonsu. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. A bakinta za ka ji yadda ƙawance ke ƙulluwa tun ana ƙanana ya ɗore har tsufa. A bakinta kuma za ka ji labarin mahara da suka kama danginta, da fafutukar fansarsu. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, kuma tatsuniyoyin da ya riƙe a kansa sun shiga littafin Magana Hausa na J. F. Schön a 1885. An raba shi da iyayensa da garinsu, abin da ya ji a hirar dare ne kaɗai ba a iya ƙwace masa ba.

Saboda haka ba na kallon wancan zamani a matsayin aljannar yara. Ganuwar da ta kewaye dandali tsoro ne ya gina ta. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, al'ummar da ke kwana da fargabar hari ta ware wa 'ya'yanta fili a tsakiyar gari, ta bar su su naɗa sarkin samarinsu, su sasanta rigimarsu, manya na kallo daga nesa. A wannan fili yaro ke koyon faɗuwa ya tashi, da jiran layi, da sarrafa harshe.

A unguwar da nake zaune, filin da yara ke buga ƙwallo an yanka shi fuloti, kowane gida ya ja katanga ya ɗora waya mai ƙaya. Kaka tana ƙauye, ana gaisawa da ita ta bidiyo ranar Juma'a. Sai mu miƙa wa yaro wayar hannu don ya bar mu mu huta, gobe mu zauna muna kukan yaran zamani sun lalace, Hausarsu ma ta karye. Ina zai je, wa zai saurara?

Ba za mu dawo da ganuwa ba, ba ma fatan haka. Amma maƙwabta huɗu za su iya buɗe ƙofa ɗaya da yamma yara su haɗu, kuma uba ko uwa za su iya ajiye waya na rabin sa'a su ba da tatsuniya ɗaya, ko da rabinta suka tuna. Yaron zai tambayi sauran, dole a buga wa kaka waya.