Duwatsun Shere: Inda Mai Kyamara Yakan Fara Koyon Riƙon Igiya

Duk matafiyin da ya shiga garin Jos, in ya ɗaga kai ya dubi gabas, abin da zai tare masa ido shi ne jerin duwatsun Shere, waɗanda ke kimanin kilomita 10 daga tsakiyar gari. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 bisa teku, ba kuwa wurin da ya fi ta bisa a duk tudun Jos. Manyan curarrakin dutse ne jibge bisa juna, sai ka ce wani ƙato ne ya tara su ya tafi, ga falale masu santsi, ga tsagogi da mutum zai iya cusa yatsunsa. A kewayensu mutanen Afizere ke zaune, watau waɗanda Hausawa ke kira Jarawa.

A gindin duwatsun nan ne Makarantar Tsauni take, reshen Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanni ta Gwamnatin Tarayya, wadda jama'a suka fi sani da Man O' War. An kafa cibiyar a 1951 a gaɓar teku kusa da Biktoriya, garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru, daga baya aka dawo da ita Nijeriya. A nan ake koya wa samari da 'yan mata hawan dutse da saukowa ta igiya. Saboda haka wanda ke ɗaukar hoto don sha'awa, ba don neman abinci ba, in yana so ya gwada hannunsa a kan mahaya dutse, da wuya ya sami wurin da ya fi wannan.

To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Galibin sababbin hannu sukan tsaya a ƙasa, su ɗaga kyamara sama su danna. Abin da ke fitowa kuwa shi ne tafin takalmi da bayan mutum, dutsen da ya kai tsawon bene hawa biyar ya tsuguna ya zama kamar tudun tururuwa. Dalili shi ne, idan aka dubi bango daga gindinsa tsawonsa yakan taƙure a ido. Abu uku ake nema a hoton mai hawa: fuskarsa, da hannunsa a kan dutse, da zurfin da ke ƙarƙashinsa. Ba kuwa a samun su sai daga gefe ko daga sama.

Alherin Shere shi ne duwatsun na maƙwabtaka da juna. Mai koyo yana iya bin hanyar ƙafa ya hau wani dutse na kusa, ya zauna daidai da tsayin mai hawa, ya ɗauko shi ta gefe, sararin sama na bayansa, gonaki da rufin kwanon ƙauyuka can ƙasa kamar an watsa tsaba. Daga nan ya kamata kowa ya fara. Amma hoton da ya fi kowane, wanda ake ganin gumi a goshi da idon da ke neman wurin kamawa, sai an leƙo daga sama, mutum na ɗaure da igiya. Nan ne maganar ta tashi daga ta hoto ta koma ta rai.

Wanda ido ɗaya ke rufe, ɗayan kuma na cikin kyamara, ba ya ganin inda ƙafarsa take, taku guda baya don gyara hoto ya isa ya kai shi lahira. Don haka tilas ne ya fara zama ɗalibin malaman hawa, ya iya ɗaura ɗamara, ya san ƙulli, ya sa hular kwano, ya kafa igiyarsa dabam da ta mai hawa, kana a bincika masa ita kafin ya matsa bakin dutse. Sa'an nan ya ɗaure kyamarar a jikinsa, ya zuge aljihunansa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma abu mai nauyi da ya suɓuce daga tsayin mita 20 yakan isa ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa, a ƙasan kuwa akwai mai riƙe da igiyar da ran mai hawa ke rataye a kanta. Haka nan ba a kiran mai hawa a ce ya waiwayo ya yi murmushi, ba a haska masa fitilar kyamara a ido, ba a kuma zuga shi ya sake wani taku mai haɗari don hoton farko bai yi kyau ba.

Bayan an gama da wannan sai a zo ga haske. Da hantsi ko da la'asar sakaliya rana takan zo a kaikaice, ta fito da kowane gurbi da tsaga a jikin dutse. Da tsakar rana kuwa inuwar hular kwano takan rufe fuska. Kyamara na auna hasken wuri duka ne, saboda haka in dutse da sama sun yi fari fat, sai ta rage haske, fuskar baƙin mutum ta nutse cikin duhu. Maganinsa a ƙara haske mataki ɗaya, ko a auna daga fuskar. A kuma sa ƙiftawar kyamara ta yi sauri, kamar kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, domin hannun da ke miƙewa kada ya fito dishi-dishi. Sauran aikin haƙuri ne. Wanda ya daɗe yana kallon mahaya yakan gane lokacin da mutum ya tsaya, ya ja numfashi, ya dubi sama, to nan take zai miƙa hannu, nan ne kuma wurin dannawa.

Kowane lokaci na shekara da halinsa. Da damina ƙasa takan yi kore shar, amma jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi, kuma ba a zama kan tsauni in hadari ya taso, saboda tsawa. Da hunturu dutse a bushe yake, sai dai hazo kan shafe nesa, sanyin Jos kan cinye batir da wuri, ƙura kuma kan shiga kyamara in aka sauya mata gilashi a fili. Ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, shi ya fi haɗa alheri biyu.

Abu na ƙarshe, duwatsun nan suna da masu su. A nemi ɗan jagora daga mutanen wurin, a gai da manya, a tambaya kafin a ɗauki hoton mutum ko gidansa, in aka ce wuri kaza ba a hawa, a bar shi. Masu karatu da ke da niyyar zuwa, su tafi da takalmi mai kama ƙasa, da ruwan sha, da rigar sanyi, su kuma ba ranar farko ga igiya, kyamara ta jira gobe. Sannu ba ta hana zuwa.